Kafin ku hau tsani: nasiha ga masu ƙawata majami'a domin Ista

'Ya'yana samari da 'yan mata na ikilisiyoyinmu, daga Galmi da Malbaza har Ƙonni da Illela, da ku nake yau, musamman waɗanda dattawa suka danƙa wa aikin shirya gaban majami'a domin Idin Tashin Almasihu. Na san yadda abin yake farawa. Ana saura mako uku ko huɗu, an tashi daga sujada, sai ku taru a gindin bedi, wani ya zaro waya daga aljihu ya ce ku zo ku ga abin da aka yi a wata majami'a a Legas ko Abijan ko Amurka. Ga yadi mai ƙyalli daga sama har ƙasa, ga fitilu masu sauya launi, ga furanni ba iyaka. Kowa ya zuba ido, can sai wata ta ce, "Mu ma bana sai mun yi irin wannan." Daga nan sai lissafin kuɗi, daga lissafi kuma ko dai jiki ya yi sanyi, ko a shiga neman bashi.

Wannan sha'awa ba laifi ba ce, kuma ban zo in kashe muku gwiwa ba. Son a ga ɗakin sujada ya yi kyau yana da tushe a Littafi Mai Tsarki. A Littafin Fitowa, sa'ad da za a kafa alfarwar sujada a jeji, an ambaci masu aikin da sunansu, Bezalel da Oholiyab, aka kuma nuna cewa gwanintarsu ta sassaƙa da saƙa da ɗinki baiwa ce daga Allah. Mata suka kaɗa zare da gashin awaki da hannunsu. Jama'a suka yi ta kawo kaya har sai da Musa ya sa aka yi shela a dakata. Sai dai ku lura da abu biyu a labarin nan. Abin da ke hannun mutane shi suka kawo, sannan ba wanda ya yi aikin yadda ya ga dama, akwai fasalin da aka ba su. Ku ma kuna da naku fasalin, kuma ba a hotunan waya yake ba.

Kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya, ku zauna tare ku karanta surorin ƙarshe na Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, da Hausa, mutum ɗaya na karatu da ƙarfi sauran na saurare. Wani ya riƙe biro ya rubuta duk abin da ido zai gani a wurin da safiyar nan. Za ku yi mamakin ƙarancinsa. Akwai lambu. Akwai sabon kabari da aka fafe cikin dutse, na Yusufu mutumin Arimatiya. Akwai babban dutse an mirgine shi gefe. Akwai likkafani a ajiye, da mayafin kai a naɗe waje guda shi kaɗai. Akwai kayan ƙanshi a hannun matan da suka yi sammako, da hasken asuba. In ban da mala'iku masu fararen tufafi da masu gadi, waɗanda ba aikinku ba ne ku zana su, shi ke nan. Babban abin da Bitrus da Yahaya suka sheƙo da gudu su gani, wuri ne da ba kowa a cikinsa. Maryamu Magadaliya ma da ta juya ta ga Ubangiji, zato ta yi mai lambu ne. Ku da kuka tashi kusa da garkar albasa, kun fi 'yan birni sanin kamannin mai lambu da asuba: ƙafa da laka, riga ta jiƙe da raɓa, ba wani ƙyalli a jikinsa.

To, adon da kuke yi ba don kansa ake yinsa ba. Aikinsa ya kama idon mai shigowa, ya kai shi ga gicciye da kabarin da ba kowa ciki, sannan ya sake shi ya koma ga mai wa'azi. Idan jama'a suka watse suna zancen yadi, ba wanda ke zancen tashi daga matattu, to an yi wahala amma an bar hanya. Shi ya sa nake cewa ku koyi barin fili. Bango mai tsabta da aka shafe da farar ƙasa, da gicciyen itace guda a tsakiyarsa, ya fi bangon da aka cunkushe da launi bakwai magana da zuciya.

Ista ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti. Bisa ƙa'idar da ikilisiya ta gada tun zamanin taron Nikiya na shekara ta 325, ana yinta ran Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, shi ya sa a kalandar da muke bi take faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai da arewacin Amurka lokacin ne ƙanƙara ke narkewa, itatuwa ke toho, furanni ke fasowa daga ƙasa. Idan suka cika dandamali da fure, abin da ke bakin ƙofarsu ne suka ɗebo suka shigo da shi. Farin furen nan mai dogon baki da kuke gani jere a hotunan majami'un Amurka, asalinsa daga tsibiran kudancin Japan yake, kuma masu sana'ar ne ke renonsa cikin ɗakunan gilashi suna daidaita masa ɗumi don ya buɗe daidai makon Ista. Mu kuwa Ista tana samunmu tsakiyar bazara. Zafi ya haura digiri 40 a inuwa, koramar Maggiya ta ƙafe, ciyawa ta zama kara, manomi na sharar gona yana duban gabas. Furen da aka yanka da ƙarfe bakwai na safe, kafin fasto ya hau mumbari ya sunkuyar da kai. Balan-balan da aka ɗaura ƙarƙashin rufin kwano kuwa, tsakiyar addu'a zai fara fashewa yana firgita jarirai.

Amma ni a ganina ƙasarmu a wannan lokaci ta fi tasu iya faɗin labarin Ista, domin duk wanda ya dubi gona a watan Afrilu zai rantse ta mutu, kuma dukanmu mun san ba ta mutu ba. Ga abin da nake ba ku shawara ku gwada. Ana saura kwana takwas ko goma, ku tara tsofaffin ƙoruka da kasake da kwanukan da aka daina amfani da su. Ku huda gindin kowane don ruwa ya tsiyaye, ku zuba ƙasa da yashi da ɗan taki ruɓaɓɓe, ku watsa gero ko dawa ko alkama da ɗan yawa, ku rufe da ƙasa kaɗan. A ajiye su a inuwar da haske ke shiga, ba cikin ɗaki mai duhu ba, in ba haka ba tsiron zai fito rawaya ya yi tsawo ya kwanta. A ba su ruwa safe da yamma. A ɗora su bisa benci ko a kewaye su da ƙaya, saboda kaji da awaki ba su san da Ista ba, tsuntsaye ma haka. A zafin nan gero ba ya wuce kwana uku ko huɗu bai huda ƙasa ba, kuma kafin Lahadi ta zo ya yi kore shar. Ku ba kowane yaro na makarantar Lahadi tasa ƙwaryar, shi zai shuka, shi zai yi ban ruwa, shi zai ɗauko ta da hannunsa ran idi ya ajiye a bakin kabarin da za ku yi. Yesu da kansa ya yi misali da ƙwayar alkama da sai ta faɗi ƙasa ta mutu take ba da 'ya'ya, Bulus ma ya ɗauko zancen iri sa'ad da yake yi wa Korantiyawa bayanin tashin matattu. Yaron da ya binne gero da yatsansa ya ga ya fito, ya riga ya fahimci rabin wa'azin ran nan.

Kada ku ɗauka wannan dabarar marasa hali ce. A kudancin Italiya har yau akwai majami'un da ake kai musu tsiron alkama cikin faranti a Mako Mai Tsarki. A Habasha, inda Kiristanci ya kafu tun ƙarni na huɗu, ɗanyar ciyawa suke shimfiɗawa a ƙasa ran idi. Kowa da abin gidansa yake yabon Allah.

Abin gidanmu kuwa yana da yawa. Ga tabarmar Madawa mai zane, wadda idan aka rataya biyu ko uku a bango ta fi leda mai ƙyalli kyau nesa ba kusa ba. Ga faifai, ga tulu, ga kaba da za a kitsa domin Lahadin ganyen dabino, ga zangarniyar gero ta bara da wani dattijo ya ajiye. Idan Ista ta zo da wuri, ku dubi garkar masu ajiye irin albasa, za ku ga furenta fari, dunƙule bisa dogon kara, abin sha'awa. Duniya ta san Galmi da albasa, amma mu da ke cikinta ba mu cika tsayawa mu dubi furenta ba. Sai dai ku tuna iri ne, dukiyar mai garka ce ta baɗi, don haka a roƙa, a karɓi abin da ya bayar, ko uku ne. Haka kuma kada ɗoki ya kai ku ga saran gawo don yana da ganye a rani. Icce ne da doka ta kāre, manomi kuma ya san amfaninsa a gona. In ganye kuke so, ku nemi izinin mai bedi ku rage masa rassa.

Kabarin kansa ba ya bukatar kafinta. Kaburburan Urushalima na wancan zamani cikin farin dutse ake fafe su, dangin dutsen da ake haƙa a nan Malbaza ana yin siminti da shi tun shekarun 1960. Ku je wurin magina ku roƙi takardun buhun siminti da suka yar. A kakkaɓe su sosai a waje, hanci a rufe, domin ƙurar siminti tana cin maƙogwaro da fata. A cukuikuye kowace da hannu har ta yi laushi, a sake buɗe ta, za ku ga ta yi gargada irin ta dutse. A kafa ƙaramin tebur ko a ɗaure karan dawa a yi baka, a lulluɓe da takardun, a shafa jar ƙasa da aka dama da ruwa da ɗan ƙaro, a yayyafa toka nan da can. Dutsen bakin kabari kuwa, babban faifai ko murfin tano da aka lulluɓe da takardar ya isa. Ran Juma'a a rufe bakin. Daren Asabar, bayan kowa ya tafi, mutum biyu su zo su mirgine shi gefe.

Abin da za a sa a ciki shi ne ya fi komai nauyi, kuma shi ya fi araha: ƙyallen alawayyo fari, a ninke. Babu Bahaushen da zai ga farin alawayyo a bakin kabari ya tambayi ma'anarsa. Dukanmu, Kirista da Musulmi, mun taɓa tsayawa ana yanka shi ana auna shi a tsakar gida, mata na kuka a ɗaki. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, wadda ta sa miji da 'ya'ya biyu a ƙasa, idan ta shigo ran Lahadi ta ga likkafani a ninke babu gawa a ciki, ba sai an fassara mata komai ba. Don irinta kuke wannan aiki, ba don hoton da za ku sa a Facebook ba.

Game da launi, ku san al'adar ikilisiyarku ku kuma girmama ta wasu. 'Yan'uwanmu Katolika, waɗanda a yankin nan suke ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, suna da tsari tabbatacce: shunayya a kwanakin azumi, ja ran Lahadin ganyen dabino da Babbar Juma'a, fari ran Ista. Bayan sujadar daren Alhamis sukan kwashe duk abin da ke kan bagade su bar shi tsirara, sai daren Asabar a hura sabuwar wuta a waje a kunna babban kyandir a shigo da shi cikin duhu. Mu da muka fito daga aikin mishan na SIM ba mu da doka a kan haka, amma akwai hikimar da ya kamata mu ara. Kada ku yi ado tun ran Alhamis. Ku bar Juma'a ta zama Juma'a: dandamali wayam, sai rufaffen kabarin da gicciye, ko da baƙin ƙyalle a kafaɗarsa. Wanda ya ga wurin a bushe ran Juma'a shi ne zai ji daɗin ganin kore da fari ran Lahadi.

Idan za ku yi rubutu a bango, ku yi da Hausa, da manyan baƙaƙe, kalmomi uku ko huɗu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, da shi kakanninmu suka koyi karatu a Tsibiri da Galmi, babu dalilin da zai sa a rubuta wa tsofaffinmu albishir da harshen da ba su ji. Ku kai wa malamin makaranta ya duba muku ƙa'idar rubutu kafin ku yanka takarda, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ duk su fito. Hoton nan kuma na Bature mai dogon gashi da shuɗin ido da ake sayarwa a kasuwa, ku bar shi inda kuka gan shi. Ba wanda ya san kamannin fuskar Ubangiji, kuma hoton yana ƙarfafa zancen masu cewa bangaskiyarmu kayan baƙi ce.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗin ji amma tilas in faɗa. Yadin roba mai sulɓi da aka fi so don ƙyallinsa, idan ya kama wuta narkewa yake yana ɗiga yana manne wa fata. Kada a kusantar da shi ga kyandir, ko ƙwan fitila mai zafi, ko wayar da aka haɗa da baki aka naɗe da leda. Mai aikin kuran na gaske shi zai ja waya, ba yaron da ya taɓa gyara tocila ba. Kada a toshe taga da labule a watan Afrilu, domin ɗaki cike da mutane ƙarƙashin kwano, tsofaffi da masu ciki su ne za su fara faɗuwa. Kada a tare ƙofa, ko ta gefe ce da ba a cika bi ba. A ajiye bokitin ruwa da na yashi a bayan dandamali, a kuma cika randuna a bakin ƙofa domin sha. Wanda ya hau tsani, wani ya riƙe masa. Sannan ku tsara adonku yadda zai yi kyau ko babu wuta. Gaskiya ne tun 2018 akwai tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza, amma kun san yadda wuta ke yi a bazara. Hasken safiya da ke shigowa ta taga ba ya ɗaukewa. Ku je majami'ar daidai lokacin da za a yi sujadar, ku ga inda yake sauka, ku sa kabarin a nan.

Ku kuma sauka daga dandamali ku je bencin ƙarshe ku zauna. Ana ganin fuskar mai wa'azi daga can? Teburin Jibin Ubangiji ya fito, ko fure ya rufe shi? Mawaƙa da masu ganga na da wurin tsayawa? Mai sanda ko mai keken guragu zai iya isa gaba ba tare da ya yi tuntuɓe da tulu ba?

Zancen kuɗi kuwa, Hausawa sun riga sun gama shi: zanen aro ba ya rufe katara. Kada ku ci bashi don ado, kada ku matsa wa iyaye da karo-karon da ya fi ƙarfinsu. Bazara lokaci ne da rumbu ke sauka, kuɗin albasa bai gama shigowa ba, ciwon ƙyanda da sanƙarau na yawo. Kun ga da idonku yadda kayan da ke shigowa ta Illelar Najeriya suka yi tsada bayan rufe iyaka a 2023, tabarma da ƙwarya da gero kuwa suna nan inda suke. Wani zai ce mini, ai Maryamu ta Betanya ta zuba turare mai tsada a ƙafafun Yesu, Yahuza ya yi gunaguni, Ubangiji ya tsaya mata. Haka ne, kuma ban ce ku yi wa Allah rowa ba. Amma turarenta ne ta fasa, ba na bashi ba, ba kuma don a gani ba. Idan dattawa suka ba ku jaka ashirin kuka gama aikin da goma, ku maido sauran ku roƙi a auna hatsi a kai wa gwauraye da marayu kafin Lahadi. Ba daidai ba ne mace ta zauna gaban yadin jaka talatin alhali ba ta ɗora tukunya jiya ba.

Akwai abin da na gani a wata majami'a wanda har yau yake taɓa ni. Matasa na cikin aiki ran Asabar, sun zaɓi fari da ruwan zinariya, sai ga wata tsohuwa ta zumuntar mata ta shigo da ƙunshi a hammata. Ta kwance, ashe gwado ne saƙar hannu, baƙi da fari, ya sha shekaru, na ɗakin aurenta. Ta ce, "Ɗiyana, ga wannan ku sa wa Ubangiji." Wani saurayi ya karɓa ya ce, "To Inna, mun gode," ya ajiye bisa benci, don bai shiga launinsu ba. Ta koma baya ta zauna tana kallo, ba ta ce komai ba. Can wata yarinya ta lura, ta ɗauko gwadon ta kakkaɓe, ta shimfiɗa bisa teburin Jibin Ubangiji, ta ɗora farin ƙyalle a sama yadda gefensa zai fito, ta juya ta ce, "Inna, ya yi haka?" Tsohuwar ta taso da kanta ta gyara kusurwa ɗaya da ta karkace. A duk adon shekarar, ba abin da ya kai teburin nan kyau. Ku tambayi iyayenku mata abin da ke cikin akwatunansu, ku kuma tambaye su yadda suke yi a da. Sun yi Ista da yawa kafin a haife ku, wasu a rumfar kara, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

A tsakaninku ma ku kula. Ban san dalili ba, amma aikin ado yana saurin haddasa faɗa: wannan ta ce ra'ayinta aka ƙi, wancan ya ce shi ya yi wahala wani aka yaba. Ku zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya ja gaba, in an yi shawara an tsaya a kan abu, kowa ya bi. Ku fara da addu'a. Mai shara da mai ɗebo ruwa da mai kankare kashin jemage a bayan mumbari, aikinsu ya riga na mai ɗaura yadi, domin ado bisa dauɗa ba ado ba ne. Kada kuma ku kwana kuna aiki har ku zo sujada kuna gyangyaɗi. Duk abin da bai ƙare ba da ƙarfe goma na daren Asabar, a haƙura da shi.

Ku tuna kuma inda kuke zaune. Kiristoci a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Telan da zai kalmashe muku yadi, mai garkar da zai ba ku fure, maginin da zai tara muku takarda, galibi Musulmi ne, wasu ma 'yan'uwanku ne na jini. Ku biya su haƙƙinsu a kan lokaci ba tare da ja-in-ja ba, in sun tambayi abin da ake shiryawa ku faɗa musu gaskiya cikin ladabi. Kun san fahimtarsu game da gicciye ta bambanta da tamu, saboda haka adonku ya tsaya cikin majami'a da harabarta, kada ya zama tsokana a bakin titi. A 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin watan azumi, kuma haka za ta sake yi wata rana. Ko cikin azumi ko ba cikinsa ba, idan aka kira salla a rage lasifika. A Galmi, inda asibitin mishan yake aiki tun 1950, majinyata da masu jinya daga nesa, har daga Najeriya, sukan leƙo ta taga su ga abin da muke yi. Ku sa abin da za su gani ya zama tsabta da natsuwa da mutanen da ke ƙaunar juna.

Wasunku yara ne a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, aka kuma yi asarar rayuka. Shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji ta nan Illela, ya fito ya la'anci abin, malamai da maƙwabta Musulmi da yawa ma ba su ji daɗinsa ba. Istar shekarar ta zo ran 5 ga Afrilu, ba a cika wata uku ba. Akwai masu bi da suka yi ta cikin bangon da hayaƙi bai gama fita daga jikinsa ba, babu labule, babu benci isasshe, kuma ba wanda zai ce idinsu bai cika ba. Ina kawo wannan ba don in tada tsohon miki ba, sai don ku san abin da za a iya rasawa a ci gaba da sujada, ku daina ɗaga hankalinku a kan launin kirtani.

Litinin ta Ista ranar hutu ce a ƙasarmu, kuma nan ne ake gane masu aikin gaske, domin masu ɗaurawa suna da yawa, masu kwancewa kaɗan ne. Ku dawo dukanku. A cire ƙusa ɗaya bayan ɗaya, kada a fizge a ɓalle bango. Zanen da aka aro a wanke shi a goge a kai wa mai shi har gida da godiya, tabarma a kakkaɓe a naɗe. Abin da yake na ikilisiya a ninke a sa cikin tano mai murfi saboda gara da ɓera, a rubuta abin da ke ciki a manna a jiki. Leda da guntayen takarda a tattara, kada iska ta kai su garkar maƙwabci akuya ta ci. Tsiron geron a ba yara su kai wa tumakin gida. Ma'aji ya rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe har dala ɗaya, a miƙa wa dattawa, a karanta gaban jama'a ran Lahadi mai zuwa. Cikin masu kwancewar kuma ku jawo ƙannenku biyu ko uku 'yan shekara goma sha, ku nuna musu yadda aka ɗaure karan da yadda aka dama jar ƙasar, domin baɗi ko baɗin baɗaɗa wasunku suna Tawa ko Yamai wurin karatu, su ne za a miƙa wa tsanin.